Kwandon lasifika: na zubi ko na matsi? Muhawarar da ta ɓarke a zauren masu kayan sauti na Jos

Baban Ummi, Bauchi Road: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ɗaya daga cikin manyan lasifikuna masu inci 18 ta soma gurnani, musamman in bes ya sauka. Da aka kwance sai aka ga kwandon ne ya lanƙwashe, wato firam ɗin da ke riƙe da takardar da ke kaɗawa ta ba da sauti, da mayen ƙarfe. Na baƙin ƙarfe ne, irin wanda ake matsewa a inji. Ina zargin jijjigar a-kori-kura ce a hanyar zuwa bukukuwa. To akwai maƙwabcina mai zubin tukwane, sai na ce me zai hana in kai masa ya zuba min sabo na alminiyam, tunda kowa na cewa na zubi ya fi sauti? Masana a taimaka.

DJ Na Bukuru: Wa alaikumus salam Oga. Ai wannan ba abin tambaya ba ne. Na zubi shi ne gaba. Duba duk wata babbar lasifika ta JBL ko RCF ko B&C mai tsada, kwandon zubi za ka gani. Na matsi kayan yara ne. Ni da kunnena nake banbancewa, ko da an rufe min ido.

Mai Naɗin Koyil, Terminus: Ko da an rufe maka ido? Allah ya kai mu ranar, DJ. Baban Ummi, kafin a je ga zubi, ka tabbata kwandon ne? Ka kwantar da ita, ka sa yatsu huɗu a kewayen hular tsakiya ka danna a hankali. In ka ji ƙarar gogayya, koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa takarda, na taɓa bango. Amma abu uku ke kawo haka: kwando ya karkace, ko zafi ya kumbura koyil, ko gam ya saki mayen ƙarfe ya goce. Biyu na ƙarshe ba ruwansu da kwando.

Baban Ummi: Kwandon ne Malam. Ƙafa biyu sun lotsa, da ido ma ana gani. In na sassauta notunan gefe ɗaya sai gurnanin ya ragu.

Mai Naɗin Koyil: To shi ne. Kuma wannan da ka faɗa na sassauta noti shi ne babban aibin na matsi. Ko akwatin ne fuskarsa ba ta miƙe ba, kana ɗaure noti kwandon zai bi karkatar katakon. Tazarar da ke tsakanin koyil da bangon ramin da yake kai-komo a ciki ba ta kai rabin milimita ba. Mu da tsohon fim ɗin hoton asibiti muke saita ta in muna naɗi, ka ga irin sirantarta. Mayen ƙarfen da ke rataye a baya kuwa, a irin taka, da shi da farantansa sun kusa kilo 10 ko su wuce. Kowane rami mota ta faɗa, wannan nauyin ne ke fizgar ƙafafun.

Injiniya, Gwarinpa: Sannunku da hira. Bari in sa baki, don aikina ne ƙarfe. DJ yana da gaskiya rabi, amma dalilinsa ba shi ne dalili ba. Alminiyam bai fi baƙin ƙarfe tauri ba. Hasali ma baƙin ƙarfe ya ninka shi wajen sau uku a ƙin lanƙwasa. Sai dai ya ninka shi wajen sau uku a nauyi: alminiyam giram 2.7 ne a kowane santimita kubik, baƙin ƙarfe kusan 7.8. To ga inda lissafin yake juyawa. Ƙin lanƙwasar abu yana hawa ne da kaurinsa sau kansa sau kansa. In ka ɗauki nauyi ɗaya, na alminiyam zai yi kauri uku na ƙarfe. Uku sau uku sau uku 27 ke nan, ka raba da ukun da ƙarfe ya fi shi, ya rage 9. Wato a nauyi ɗaya ƙafar alminiyam za ta iya ninka ta farantin baƙin ƙarfe sau tara wajen ƙin lanƙwasa. Kuma zubi yana ba ka damar yin siffar da matsi ba zai iya ba: ƙafa siririya ta fuskar da iska ke bi, mai zurfi ta fuskar da nauyi ke ja. Na matsi dole ƙafafunsa su yi faɗi kafin su yi ƙarfi, faɗin nan kuma yana tare iskar da ke fita ta bayan takarda, har wani sautin ya bugi ƙafar ya dawo.

Sai abu biyu ƙanana. Alminiyam ba ya jan mayen ƙarfe, saboda haka ba ya satar ƙarfinsa, na baƙin ƙarfe kuwa yana ɗan sata. Sannan ya fi saurin kwashe zafi.

DJ Na Bukuru: To ai ka gama min aiki Injiniya. Ka ce rabi, ga shi ka lissafo duka.

Injiniya: Ban gama ba ƙanena. Duk abin da na lissafa aikin riƙo ne. Kwando kamar turmi yake: taɓarya ce ke daka, abin da ake nema ga turmi kawai ya zauna daram. In ya zauna, ba ya ƙara wa garin daɗi. Sautin da kake ji daga takarda yake fitowa, da koyil, da ƙarfin mayen ƙarfe, da gizo-gizon da ke riƙe koyil, da girman akwati. Abin da ya sa kake jin masu kwandon zubi sun fi daɗi shi ne kamfanin da ya kashe kuɗi a kwando ya riga ya kashe a waɗancan. Kana jin kyakkyawan koyil kana yaba wa kwando.

Maman Hanif, situdiyo, Wuse 2: Allah ya saka da alheri Injiniya. DJ, lasifikun jita na Celestion, irin su Greenback da Vintage 30, kwandon matsi gare su, kuma da su aka naɗi waƙoƙin da ba su ƙirguwa. Ƙaramar lasifikar nan da BBC ta tsara a shekarun 1970 don motocinta na ɗaukar shiri, LS3/5A, wadda har yau ake rububinta, ita ma kwandon ƙarfen matsi ne a cikinta. Akwatinta kuma filawud ne siriri da aka manna wa kwalta daga ciki. Kayan yara ne su ma?

DJ Na Bukuru: Anti ai waɗannan ƙanana ne. Ni maganar inci 18 nake, mai girgiza ƙirji.

Maman Hanif: Yawwa, yanzu ka dawo hanya. Ka ce ga babba mai nauyin maye, da ake yawo da ita a mota, zubi ya fi. Wannan na yarda. Amma ba "na matsi kayan yara" ba.

Baba Maƙeri, Dilimi: Salamu alaikum. Jikana ne ke karanta min yana rubuta abin da na ce. Yaro mai lasifika, kada ka wahalar da maƙwabcinka. Zan gaya maka dalili, don na tsufa a bakin wuta.

Mu zubin yashi muke yi. Ana samun samfur, a danna shi cikin yashi mai ɗan danshi da yumɓu, a cire, a zuba narkakken alminiyam a gurbin. To kai wane samfur za ka ba shi? In tsohon kwandon ne, ai lanƙwasasshe ne, lanƙwasasshe zai fito. Ko ka miƙe shi, kaurinsa bai fi na murfin tukunya ba. Ruwan alminiyam ba zai bi siririn gurbi irin wannan a yashi ba, zai daskare a hanya ya bar maka giɓi. Sai dai kafinta ya sassaƙa maka samfur na katako mai kauri. Na biyu, ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Tukunya in ta tsuke ba wanda ya sani, tuwo zai dahu. Naka kuwa ramukan noti ne za su ƙi haɗuwa. Na uku, fuskar da ke fitowa daga yashi ba ta da santsi, kuma ba ta miƙe sosai ba.

Baban Ummi: Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi ban yi tunanin tsukewar ba.

Injiniya: Baba ya faɗi gaskiya, Allah ya ja kwana. Alminiyam a yashi yana tsukewa da kusan kashi 1.3 cikin 100. Kwandon inci 18 faɗinsa ya kai milimita 460, ka ga zai rasa kusan milimita 6. A wurin da ake rigima kan rabin milimita! Dole a yi samfur ya ɗara girma, bayan zubi kuma a ɗora shi a injin sassaƙar ƙarfe a gyara fuskoki uku: inda maye ke zama, inda gizo-gizo ke zama, da inda bakin takarda ke mannewa. Ukun nan dole su yi daidai da juna. In ɗaya ta karkata, koyil zai riƙa shiga a kaikaice.

Na kamfani ba da yashi ake yin galibinsu ba. Mazubi ne na ƙarfe mai tauri, inji ya harba narkakken alminiyam ciki da matsanancin ƙarfi, ya cika kowane lungu kafin ƙiftawar ido. Shi ya sa suke samun bango siriri, fuska sumul, kuma dubu su fito iri ɗaya. Mazubin ne ke da tsada, sai za ka buga dubbai yake biyan kansa. Amma shi ma yana da nasa aibin: saurin harbin yana kulle iska a ciki, ƙananan ramuka su samu. Shi ya sa in kwandon zubi ya faɗi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake, kuma in ka kai wa mai walda sai wurin ya riƙa tafasa yana tofi.

Mai Naɗin Koyil: Wannan kam na sha gani. Na matsi in ya lotsa wani lokaci ana lallaɓa shi ya miƙe. Na zubi in ya tsage sai dai a yi masa addu'a.

Baba Maƙeri: Ramukan nan mu ma muna fama da su. In yashi ya cika jiƙa, ko tarkacen da ka narka akwai mai da fenti da ruwa, abin zai fito da ƙuraje a ciki. Ka ƙwanƙwasa ka ji ya ce "daf" maimakon ya yi ƙara. Kuma ba kowane alminiyam ke zubuwa ba. Fistin na mota da kan inji da gidan giya su ne masu kyau, suna gudu kamar ruwa. Gwangwanin lemo da ƙarfen taga ba sa gudu, rabi ma toka yake zama. Sannan a yi hattara da gidan injin tsohuwar Beetle. Ido zai ce maka alminiyam ne, amma in ya kama wuta fari fat take ci, ruwa kuma ƙara mata ƙarfi yake.

Injiniya: Magniziyam ne wannan, Baba. Ana gane shi da ruwan binega: a kankare wuri a ɗiga, in ya yi kumfa shi ne. Abin da ke sa fistin gudu kuwa silikon ne da aka haɗa a ciki. Alminiyam zalla yana narkewa a digiri 660, silikon yana sauko da wannan kuma yana sa ruwan ya bi lungu. Ƙurajen da kuke gani iskar haidurojin ce, daga danshi take shiga narkakken ƙarfen, in ya zo daskarewa ta fito ta bar rami.

DJ Na Bukuru: Tsaya, tsaya. Baba ya ce in zubi ya yi kyau yana ƙara, in ya lalace ya ce daf. To ashe ƙarfen da ke ƙara shi ne mai sauti. Maganata ta fito!

Maman Hanif: A'a, a nan ne ma ta nutse. Ka banbance abin kiɗa da abin maimaita kiɗa. Ƙararrawa da kuge da faifan ganga na tagulla da ake bugawa da sanda, su ake so su yi amo da muryar kansu. Lasifika ba a son ta da murya ko kaɗan. In na naɗi mawaƙi, muryarsa nake son ji, ba muryar kwando ba. Duk abin da ya ci gaba da amo bayan sautin ya wuce, ƙazanta ce. Mu a situdiyo in za mu gwada akwati ƙwanƙwasa shi muke da gaɓar yatsa. Wanda ya ce daf shi muke so.

Injiniya: Hajiya ta kama bakin zaren. Bari in ɗan daɗe a nan don wurin yana da daɗi, kuma ya shafi garinmu Jos. Tagullar ƙararrawa kusan kashi huɗu jan ƙarfe ne, kashi ɗaya kuza. Fayafayan ganga masu tsada ma haka, 80 da 20, shi ake kira B20, kuma gidan Zildjian tun 1623 suke wannan sana'a, daga Istanbul suka faro. Masu araha kuzarsu kashi 8 ce, kuma mai kunne yana jin banbanci, don a nan ƙarfen shi ne muryar. Kuzar nan kuwa ita ce aka yi shekaru ana haƙa a Bukuru da Barikin Ladi da Rayfield, tafkunan da muke gani ragowar ramukanta ne, har aka kafa masana'antar narka ta a Jos a farkon shekarun 1960, kafin kasuwarta ta duniya ta rushe a 1985. Dalmar da Malam mai koyil ke liƙa waya da ita ma kuza ce kashi 60 ko 63.

Ƙararrawar Big Ben ta Landan da muka taso muna ji a rediyo, an zuba ta a 1858, nauyinta tan 13 da ɗoriya, ta tsage a 1859. Ba a sake ta ba, juya ta aka yi aka sa mata guduma mara nauyi. Amon da duniya ta sani na tsagaggiyar ƙararrawa ne. Ka ga a can aibin zubi ya shiga cikin murya kai tsaye.

To ɗauki kishiyar wannan: baƙin ƙarfen zubi, mai ruwan toka, irin na tsohon keken ɗinki da dutsen guga na gawayi. A cikinsa akwai ɓarɓashin girafayit, irin bakin fensir, shi ke shanye girgiza. Shi ya sa ake yin gindin injinan sassaƙa da shi. Shi ne kuma firam ɗin cikin piyano, wanda ke riƙe wayoyin da jansu ya kai tan 18 zuwa 20, tun da Alpheus Babcock ya yi rajistar dabarar a Boston a 1825. Ana son ya riƙe, ya yi shiru, ya bar waya da katako su yi magana. Alminiyam kuwa ba shi da wannan halin, mai amo ne. Abin da ke ceton kwandon lasifika shi ne taurinsa yana tura amon sama, can inda babbar lasifika ba ta aiki, sannan an ɗaure shi da katako.

Maman Hanif: Shi ya sa na'urar faifai ta Technics SL-1200 da DJ-DJ ke taƙama da ita, farantinta alminiyam ne na zubi amma an shafe ƙasansa da roba. Kamfanin Genelec na Finlan ma akwatin gaba ɗaya suke zubawa da alminiyam. Na yi aiki da su, suna da kyau, amma ribar a siffa take: bango siriri mai tauri, ciki ya ƙara faɗi, kusurwoyi a zagaye don kada sauti ya karye a baki. Da katako wannan siffar wahala gare ta. Kuma sun bi ciki sun kashe amon.

Admin: Jama'a muhawara ta yi daɗi, amma mai tambaya yana jira. A taƙaice me zai yi?

Mai Naɗin Koyil: Ya je wurin masu tsofaffin kaya ya nemi matacciyar lasifika mai kwandon zubi, wadda koyil ɗinta ya ƙone amma kwando da maye lafiya. A sa mata sabuwar takarda da koyil. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai ya duba da kyau, ya riƙe kwandon a sama ya ƙwanƙwasa kowace ƙafa, mai tsaga za ta yi ziza. Kuma ya tabbata ta dace da girman akwatinsa, don ba kowace inci 18 ke son akwati ɗaya ba. In kuma kuɗi bai kai ba, ya kawo wannan in gwada miƙe ta. In ta miƙu, ya sa katako a cikin akwati ya tallafi mayen daga ƙasa, kuma in za a loda a mota a kwantar da akwatin fuska ƙasa ko sama, kada a bar maye yana lilo a gefe.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai. Zan fara da miƙewar, in ta ƙi sai in nemi matacciyar. Maƙwabcina ya ci gaba da tukwanensa.

Baba Maƙeri: Ba cewa na yi ba za a iya ba fa. In akwai samfur mai kyau da mai injin sassaƙa, zan zuba maka wanda jikanka zai gada. Kakanninmu a Bida da Benin da Ife da kakin zuma suka yi zubin da har zanen fuska yake fitowa. Kuɗin ne zai wuce na sabuwa.

Malam Ladan, Anguwan Rogo: Gafarta malamai, tunda ana maganar, ni ma ga tawa. Ƙahonin masallacinmu na ƙarfe ne, in an ɗaga murya sai ka ji wani ƙarfe-ƙarfe a cikin kiran salla, kamar ana magana a cikin garwa. Wani ya ce mu canza zuwa na roba. Gaskiya ne?

Mai Naɗin Koyil: Allah gafarta Malam, kafin ku kashe kuɗin jama'a a sa yaro ya hau ya duba. Irin ƙahonin Ahuja da TOA da ake sawa a masallatai, faffaɗan bakin ba zubi ba ne galibi, farantin alminiyam ne aka murza a inji. A bakinsa akwai zoben roba da ke kashe amo. Rana da sanyin Jos suna busar da shi ya faɗi, daga nan ƙahon ya koma ƙararrawa. In ya faɗi, a tsaga tiyo a zagaya bakin da shi. A duba notin tsakiya ma, in ya saki yana ziza. Sannan a rage bes a amfilifaya gaba ɗaya. Ƙaho ba a yi shi don bes ba, shi ke yaga ɗan faifan da ke cikin kan.

Injiniya: Ƙari a kan haka, ko ƙahonin zubi na gaske suna wannan halin. Tsofaffin Altec 511B na alminiyam sun shahara da amo, masu su har yau suna shafa musu kwalta ko abin liƙi a baya. Na roba ba ya amo kamar haka, gaskiya ne, amma rana tana cinye shi in ba mai kyau ba ne.

Maman Hanif: Malam, a kuma duba ko ƙahoni biyu suna fuskantar bango ɗaya, ko ɗaya yana kusa ɗaya yana nesa suna faɗin abu ɗaya. Yawancin abin da ake ɗora wa ƙarfe laifinsa amsa-kuwwar gini ce. Kuma mai kiran ya ɗan ja baya daga makirfo.

Malam Ladan: Zoben kam na tabbata babu, don na ga guntunsa a ƙasa. Allah ya saka.

DJ Na Bukuru: To naji, kun taru kun danne ni a kwando. Amma a waya ba mai ja da ni. Akwai wayar da ake kira OCC, ita ma zubi ce, jan ƙarfen ana zuba shi ta yadda ƙwayarsa ɗaya ce doguwa, sauti ba ya tuntuɓe. Wani abokina ya kawo min daga waje. Da na sa, sama ta buɗe, bes ya zauna.

Injiniya: Dabarar gaskiya ce. Farfesa Atsumi Ohno ne na Japan ya ƙirƙiro ta, ana ɗumama mazubin maimakon a sanyaya shi, sai ƙarfen ya daskare daga ciki a jere, ƙwayoyin su yi tsawo. A fannin ƙarfe abin yabo ne. Amma banbancinta da jan ƙarfe na kirki wajen wucewar lantarki ƙanƙani ne ƙwarai. Tambayata: wace waya ka cire ka sa ta?

DJ Na Bukuru: Irin ja da baƙin nan ta kasuwa.

Mai Naɗin Koyil: Hahaha. Kankare bakinta da wuƙa ka gani. In ciki ya yi fari, alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe. Ko ka sa mata ashana, ta gaske za ta yi ja ta tsaya, ta bogi za ta lanƙwashe ta zube. Ta cika kasuwa yanzu.

Injiniya: Ga lissafi. Alminiyam yana wuce da kusan kashi 61 ne na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi. Waya mai kaurin milimita sukwaya 1 ta alminiyam, tsawon mita 20, zuwa da dawowa mita 40 ke nan, turjiyarta ta haura om 1. In lasifikarka om 4 ce, kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin amfilifaya a waya yake ƙarewa, kuma amfilifaya ta rasa riƙon takarda, bes ya yi sako-sako. Jan ƙarfe na gaske mai kauri 2.5, tsawo ɗaya, bai kai om 0.3 ba. Saboda haka na yarda ka ji canji. Kauri da jan ƙarfe ka ji, ba doguwar ƙwaya ba. Ga wani abin ma: koyil ɗin da ke cikin lasifikar waya ce siririya mai tsawon mitoci da yawa, ta jan ƙarfe na yau da kullum, wani lokaci ma alminiyam. Abin da ke zama sauti daga wutar da kake ba ta bai fi kashi 2 ko 3 cikin 100 ba, saura zafi ne. In koyil ya kai digiri 200, turjiyarsa tana ƙaruwa da kusan kashi 70. Shi ya sa tsakar dare kake jin kaya sun yi sanyi kana ta ƙara murɗawa. Wannan ya fi ƙarfin kowace waya.

Mai Naɗin Koyil: Daga nan kuma sai a kawo min ita da safe tana warin ƙauri.

Maman Hanif: Ana cewa gani ya kori ji, to a wannan sana'ar gani ne ke ɓata ji. Ido in ya ga tsada, kunne sai ya bi. DJ, kai ka ce ko an rufe maka ido. Ranar da zan shigo Jos a samu wayar jan ƙarfe ta lantarkin gida mai kauri ɗaya da taka, tsawo ɗaya. A rataya bargo, wani yana canzawa a baya, ba a taɓa maɓallin ƙara. Sau goma. In ka ci tara, kuɗin man janaretan bikinka na gaba a wuyana.

DJ Na Bukuru: Na karɓa. Amma da sharaɗi: waƙar da na zaɓa, amfilifayata, kuma ba Anti ce za ta riƙa canzawa ba. Malam Ladan ya riƙe takardar sakamako.

Malam Ladan: Zan riƙe, in dai ba da kiɗa za a gwada ba. A sa karatu.

DJ Na Bukuru: Haba Malam, karatu ai ba bes!

Admin: A shagon mai koyil za a yi, ranar Asabar bayan la'asar in Hajiya ta iso. Mai zuwa ya zo da kujerarsa, shagon benci ɗaya ne.